Na je ƙirga duwatsu a Kiyoto

Ni mutum ne mai ƙirga. Binciken asusu ne aikina, shekara 17 ina bin lambobi layi-layi har sai na tono inda ɗaya ta maƙale. Da a ofis abin ya tsaya da sauƙi. In na hau matakala sai na ƙirga ta, in ina jiran mota sai na ƙirga tagogin ginin da ke gabana. Matata takan ce ko munsharina da lissafi yake fita. Shi ya sa ranar da tafintanmu ya ce akwai wani lambu a Kiyoto mai duwatsu 15, wanda duk inda ka zauna 14 ne iyakar abin da idonka zai kama, sai na ji kamar an miƙo mini littafin kuɗin da ya ƙi daidaita.

Kwas na mako uku ne ya kai ni Osaka ta ƙasar Japan, cikin watan Nuwamba. Tafintan dattijo ne siriri, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, kullum da 'yar hular ulu a ka. Sensei kowa yake ce masa, wato Malam, ni ma na bi sahu. Shi ya ce in ina so mu je ranar Asabar.

Ba ni kaɗai na hau jirgin ba, da kaya a zuciyata. Shekara biyu da suka wuce na ranta wa ƙanena kuɗi. Ana saura kwana uku in taso na tura masa saƙo a rubuce, gajere, mai ɗauke da adadi da kwanan wata, irin wanda nake tura wa kamfanoni. Bai amsa ba sai da na iso Japan, da saƙon murya na minti huɗu da daƙiƙa 12. A tsakiyarsa ya ce, “Yaya, kai ko ɗan'uwanka ma lamba ne a wurinka.” Kafin Asabar ɗin na saurari saƙon sau tara. Dare ya zama na saƙa da warwara. Na shirya masa amsa mai zafi, na shirya mai sanyin da ya fi zafin ciwo, na shirya wadda zan lissafo duk abin da na yi masa tun yana firamare. Ba wadda na tura, ba kuma wadda na yar.

Daga tashar Osaka zuwa Kiyoto rabin awa ne a jirgin ƙasa na yau da kullum. Garin ya riƙe kujerar sarkin Japan daga 794 har 1868, amma wanda ya sauka a tasharsa ƙarfe da gilashi zai fara gani. Muka kama bas zuwa arewa maso yamma, wajen gindin tsaunuka. Ana buɗe Riyoanji, wurin ibadar mabiya addinin Buddha da lambun yake ciki, ƙarfe takwas, Sensei kuma ya so mu kasance cikin na farko, sai dai ni na makara, saboda ban runtsa ba sai goshin asuba. Tara da rabi ta gota muka isa.

Kafin lambun akwai wani tafki babba, itatuwan gefensa sun yi jajir da ruwan ɗorawa, kamar an cinna musu wutar da ba ta ci. A bakin zauren muka cire takalma. Nan na ce wa Sensei ni fa Musulmi ne, kallo ya kawo ni, ba zan rusuna wa komai ba. Ya ce in kwantar da hankalina, rabin mutanen da ke nan ma hoto ya kawo su. Ya ƙara da cewa shi ma kusan baƙo ne, domin wurin na ɓangaren Rinzai ne, shi kuwa a ɓangaren Soto ya koyi zama. Dukansu Zen ne, wani reshe na addinin Buddha, amma kowa da hanyar malamansa.

Daga ciki an ajiye ɗan ƙaramin samfurin lambun a kan teburi domin makafi su shafa. Na leƙa ta sama na ƙirga: tari biyar, na farko biyar, sai biyu, sai uku, sai biyu, sai uku. Sha biyar cif. To, an tabbatar da jimilla, saura a gano inda ɗaya ke ɓuya.

Gani ya kori ji. Lambun da duniya ke ta zuzutawa bai wuce mita 25 a tsawo da 10 a faɗi ba. Babu fure, babu ruwa, babu bishiya a cikinsa. Farar tsakuwa ce aka ja mata layi da manjagara, sai duwatsun a warwatse, kowane tari da 'yar gansakuka kewaye da shi. A baya akwai gajeriyar katangar laka da aka kwaɓa da mai, man ya yi ta tsattsafowa shekara da shekaru har ya zana mata dabbare-dabbare. Ba a taka tsakuwar. Daga barandar katako ake kallo, barandar kuwa ranar ta cika maƙil.

Ɗalibai ne cikin kayan makaranta, sun jeru suna nuni da yatsa suna ƙirga da ƙarfi, ici, ni, san. Wayoyin da ake sayarwa a Japan ba a iya kashe musu ƙarar ɗaukar hoto, don haka ko'ina ƙyas-ƙyas kake ji. Wata mata tana yi wa ayarinta bayani da wani harshe na Turai. Na kutsa na samu gefe na fara aikina. Daga ƙarshen hagu na samu 13. Na matsa, 14. Na ƙara matsawa, wanda ya ɓuya ya fito, wani kuma ya shige bayan babbansa. Na miƙe tsaye, na yi ɗage, na sunkuya, har na taka wa wani yaro safa. Zufa ta fara keto mini a cikin wannan sanyi.

“Nawa ka samu?” in ji Sensei.

“Sha huɗu. Da mutanen nan za su yi shiru su ba ni wuri, da na same shi.”

Bai ce komai ba, ya dai nuna mini gefensa. Na zauna ina huci.

Ya fara da tarihi, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Wani babban jarumin fada, Hosokawa Katsumoto, shi ya kafa wurin a 1450. Bai yi shekara 20 ba yaƙin Onin ya ɓarke a 1467, ya ci shekara goma yana cin Kiyoto, kuma shi Katsumoton ne jagoran ɓangare ɗaya. Wurin ya ƙone a yaƙin da mai shi ya hura. Ɗansa ya sake ginawa, gobara ta sake ci a 1797. Wanda ya jera duwatsun kuwa har gobe masana na jayayya a kansa, bai bar bayani ba. Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta zo a 1975 ta yaba, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1994, ga sakamakon nan muna zaune a cikinsa, kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ya fi kama ni shi ne wani bincike da ya ambata, don na lissafi ne. A 2002 wasu masana a Kiyoto suka buga nazari a mujallar Nature. Sun ƙyale duwatsun, suka sa kwamfuta ta auna filin da ke tsakaninsu. Layukan da ke ratsa tsakiyar kowane giɓi sai suka haɗu kamar rassan bishiya, kututturen ya nufo tsakiyar zauren, inda a da ake zama a kalli lambun. Da suka gwada sauya wa duwatsun wuri a kwamfutar, bishiyar ta watse. Na dubi tsakuwar. Minti 20 ina wurin, ban ko kalle ta ba, alhali ita ce kusan dukan lambun.

“Kana so ka gwada zama?” ya ce. “Ba addu'a a ciki, ba karatu. Zama ne kawai.”

Da harshensu ma haka sunan yake, shikantaza, zama kawai. Dogen, malamin da ya kawo ɓangaren Soto, shi ne ya kafa shi a Japan, haifaffen Kiyoto a 1200. Ya tafi ƙasar Sin neman ilimi a 1223, ya dawo a 1227. An ruwaito ya ce hannu rabbana ya dawo, abin da ya gano kawai shi ne ido a kwance yake, hanci a tsaye. Na yi dariya, don in ɗalibi ya yi shekara huɗu a waje ya dawo da wannan, ai sai a nemi a mayar da kuɗin jirgi.

Umarnin bai da yawa. Miƙe baya. Kada ka rufe ido, sauke shi ƙasa kaɗan, kada ka kafa shi a kan komai. Ya ce masu farawa akan ba su ƙirgen numfashi, ɗaya zuwa goma, a koma ɗaya, amma ni ba zai ba ni ba. Abin da ya faɗa, in da da Hausa ne, ba a ba kura ajiyar nama. Na tambaye shi yaya zan yi da hayaniyar nan. Ya ce ai ita ma a cikin lambun take. Na ce tunani fa? Ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa, ya dunƙule, ya sake buɗewa. Ya ce tunani zai zo, aikinsa ke nan. Kada in kore shi, kada in bi shi.

Daga baya na samo wa kaina misalin da ya fi zauna mini. Tunani ɗan talla ne. Zai wuce ta ƙofarka yana kira, ba ka da ikon hana shi. In ka fito ka kore shi, kun fara magana. In ka taya, ya sauke kaya, kuma kafin ya tashi an yi la'asar. In ka bar shi, kiransa zai yi nisa da kansa.

Mintunan farko banza ne. Bayana ya ƙage, ƙafata ta fara tsami. Sai na lura ina jiran wani abu ya faru, jiran ma wani ɗan tallan ne. Can, ban san lokacin ba, kunnena ya daina zaɓe. Ƙirgen yaran, ƙyas-ƙyas ɗin wayoyi, kukan hankaka daga bayan katanga, ƙarar katako in wani ya taka, iskar da ke shiga ta wuyan rigata, duka suna nan lokaci guda, ba wanda ya ture wani. Ba abin da ya ragu a cikin hayaniyar. Ni ne dai na bar kokawa da ita, sai ga shi wurin ya ishe mu duka. Idona ma haka. Da na bar farautar dutse ɗaya, sai lambun gaba ɗaya ya shigo, har da katangar da jajayen ganyen da ke leƙowa ta samanta.

Sai ga shi ya iso. “Kai ko ɗan'uwanka ma lamba ne a wurinka.” Da muryarsa, da yadda ya ja kalmar ƙarshe. Na ji ƙirjina ya ɗaure, muƙamuƙina ya cije, amsa ta uku, mai lissafin tun firamare, ta miƙe tsaye tana gyara riga. Sau biyu na taya, na tsinci kaina na yi nisa cikin shari'a, ni ne mai ƙara ni ne alƙali. Na dawo kan tsakuwa. A karo na uku na bar maganar ta tsaya a inda take, kusa da kukan hankaka. Ciwon yana nan, amma yanzu yana da iyaka, ga inda ya fara a ƙirji ga inda ya ƙare. Kwana goma ina ɗauka ya cika duniya.

Mu da muke cewa hankali ya tashi, hankali ya kwanta, mun riga mun faɗi abin tun tuni, ba mu dai saurari bakinmu ba. Abin da ke kwanciya ba a danne shi. Wanda ya taɓa fama da yaro mai ƙin barci ya sani, in ka matsa masa sai ido ya ƙara bushewa. Kuma duk mai salla ya san ɗaya ɓangaren: ka kabbarta, jiki na kan sallaya, zuciya ta tafi biyan bashi, sai an yi sallama ka rasa raka'a nawa aka yi. Malamanmu sun yi dogon bayani a kan halartar zuciya da muraƙaba. Ba ina cewa abu ɗaya ne da na su Sensei ba. Mu muna tsayawa ne a gaban Wanda yake ganinmu, su kuwa ba haka suke bayyana zamansu ba, kuma ba na son irin rubutun da ke dama komai a ƙwarya ɗaya don a ji daɗi. Amma cutar ɗaya ce, kuma sai da na zo gidan wasu na ga girman tawa.

Da Sensei ya taɓa kafaɗata minti 25 sun wuce. Ɗaliban sun tafi, wasu sun maye gurbinsu.

A bayan zauren akwai wani dutse da aka fafe don wanke hannu, an girke shi ƙasa-ƙasa yadda sai ka durƙusa. Siffar tsohon kwabonsu gare shi, da rami mai kusurwa huɗu a tsakiya. Haruffa huɗu ne kewaye da ramin, kuma kowanne bai cika harafi ba sai an haɗa shi da ramin. In an haɗa, ma'anarsu ita ce: abin da na sani kawai shi ne ya isa. Na gaya wa Sensei muna da hadisi a kan haka, cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce. Ya sa na maimaita, ya rubuta a ɗan littafinsa.

Amma mai binciken asusu bai mutu a cikina ba. Na ce, “Sensei, wannan magana tana da daɗi a bakin wanda ya ƙoshi. Jarumin da ya gina wurin nan bai san ya isa ba, da bai ƙone gari ba. Kuma in kowa ya saki, wa zai biya bashi? Ni in na saki lamba ɗaya a ofis, wani ya sace kuɗin marayu.” Ina da wannan shakkar har yanzu, musamman yadda ake tallar natsuwa a manhajojin waya kamar maganin ciwon kai, a koya wa ma'aikaci numfashi don ya jure zaluncin da ya kamata ya ƙi. Akwai sakin da saki reshe kama ganye ne.

Ya ce bai ce in saki lambar ba. Ya ce in dubi hannun da na riƙe ta da shi. Na tuna da mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ni na ɗaure tawa, na kuma kwana a gindinta ina jan igiyar.

Muna zagaya tafkin ne ya ba ni labarin da ya fi duk abin da na gani ranar. Matarsa ta kamu da ciwon mantuwa shekara huɗu ke nan. Ranar Asabar 'yarsu ke zama da ita, shi ya sa ya samu fitowa. Kowace yamma takan tambaye shi ko ya kulle ƙofa. Ya ce ya kulle. Bayan minti biyar ta sake tambaya.

“Da farko ina ƙirgawa,” ya ce. “Malamin lissafi ne ni, mai ƙirga kamar kai. Ta bakwai, ta sha biyu, ta ashirin. In na kai ta ashirin, da tsawa nake amsawa, domin nauyin sha tara na kan harshena. Ita kuwa a wurinta ta farko ce. Tana tsorata, ba ta san laifin da ta yi ba.” Ya tsaya ya gyara hularsa. “Shekara 30 ina zama ina kallon bango, ashe duk shirin wannan tambayar nake yi. Yanzu in ta tambaya, nakan duba fuskarta in amsa wadda ta yi. Wani lokaci mu je tare mu taɓa ƙofar. Ba kullum nake iyawa ba. Shekaranjiya na yi tsawa.”

Na rasa abin cewa, sai na ce Allah ya ba ta sauƙi, na fassara masa. Ya ɗan rusuna.

A tashar Kiyoto muka rabu, shi zai biya wani wuri kafin ya koma. Ginin tashar na 1997 ne, kuma a cikinsa akwai wata babbar matakala mai hawa 171 da ke tafiya sama kamar za ta fita ta rufin. Na san adadin tun kafin in zo, na kuma yi niyyar tabbatarwa. Na fara hawa ina ƙirgawa. Wajen sittin da wani abu wata yarinya ta gangaro da gudu tana dariya, kakanta na biye da ita yana haki, na bi su da kallo, lissafin ya zube. Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Da jiya ne da na koma ƙasa na sake farawa. Na samu gefe na zauna.

Biyar na yamma ta kusa, fitilu sun fara kamawa. Na sa abin sauraro a kunne na kunna saƙon, karo na goma. Na miƙe baya, na bar shi ya shigo yadda na bar barandar ta shigo.

Daƙiƙun farko ba magana, sai ƙarar ƙofa da aka ja a hankali, irin jan wanda ba ya so a farka. Takun silifa. Sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa, kusan raɗa. Sau tara ina jin wannan muryar a matsayin ta raini, ashe ta mai ɓoyewa ce. Na duba lokacin da ya turo, na cire bambancin awanni: uku da kwata na dare a wurinsa. Jimlar ta zo ta wuce, da zafinta. Bayanta ya yi shiru na daƙiƙa shida, na ji ya haɗiyi wani abu. A cikin shirun nan, can daga cikin ɗaki, yaro yana tari. Busasshen tari mai jan ƙirji, sau uku a jere. Ya sake yi a minti na uku, ya sake yi dab da ƙarshe, kuma a nan ne ƙanena ya katse maganarsa a tsakiya ya ce sai anjima.

Na cire abin daga kunne. Jama'a na ta hawa da sauka ta gefena. Bashin yana nan, adadinsa bai canja ba, kuma maganar da ya faɗa mini ba ta dace ba, zan gaya masa wata rana. Yanzu safiya ce a can. Na danna kira.

Ta yi ƙara har sau biyar kafin ya ɗauka. Bai yi sallama ba.

“Yaya?” ya ce, da muryar wanda ya riga ya kare fuska.

“Na'am. Kun tashi lafiya? Wane ne ke tari haka a gidan?”